Fayil ya ce shi PDF ne, wa zai tabbatar? Muhawara kan ƙananan laburare masu gane nau'in fayil

dan_birni: Salamu alaikum jama'a, barkanku da hantsi. Tambaya gare ni. Fom ne na rajista nake haɗa wa wata lakwal mai zaman kanta a nan Damagaram, da Django, wato tsarin gina shafin intanet na Python. Iyaye za su ɗora abu uku: hoton yaro, takardar haihuwa da takardar sakamakon bara. JPEG, PNG da PDF kaɗai aka yarda da su, kowane kada ya wuce mega 5. A yanzu wutsiyar suna kawai nake dubawa, wato .jpg ko .pdf da ke ƙarshen sunan fayil, kuma na san cinikin biri a sama ne, tunda kowa na iya sake wa fayil suna. Uwar garken da aka kama haya ta haɗaka ce, ba ni da ikon girka komai da apt, sai pip. Wane ƙaramin laburare na buɗaɗɗen tushe ya dace? Na ga python-magic, filetype da puremagic, na rasa na kamawa.

dogo_linux: Wa alaikumus salam. Tunda ba ka da apt, ajiye python-magic gefe tukuna. Ba shi ne mai ganewar ba, riga ce kawai a kan libmagic, wato laburaren C da umarnin `file` ke aiki da shi. In babu libmagic a kan injin, tun wurin import zai kife da saƙon "failed to find libmagic". Shiga ta SSH ka buga `ldconfig -p | grep magic`. In ka ga libmagic.so.1, kana da shi. In babu, filetype ko puremagic, dukansu Python ne zalla, ba sa neman komai daga waje.

Mushe_Illa: Kafin a kai ga suna, bari ƙananan cikinmu su gane abin da laburaren ke yi, don babu wani siddabaru a ciki. Galibin nau'in fayil suna farawa da hatimi, ƴan bayit ƙayyadaddu a goshin fayil. JPEG yana farawa da FF D8 FF. PDF da haruffan %PDF-, wato 25 50 44 46 2D. PNG nasa bayit 8 ne: 89 50 4E 47 0D 0A 1A 0A. GIF yana rubuta GIF87a ko GIF89a. Fayil ɗin da Windows ke kunnawa yana farawa da MZ. Laburaren yana karanta goshin, ya gwada shi da jadawalin da ke hannunsa, ya ce maka ga wanda ya yi kama da shi. Shi ke nan.

Hatimin PNG ya cancanci a tsaya a kansa, don da gangan aka ƙera shi. 89 na farko yana tona asirin hanyar da ke yanke bit na takwas. 0D 0A da 0A na ƙarshe suna tona asirin manhajar da ta ɗauki fayil ɗin a matsayin rubutu ta sauya ƙarshen layi. 1A kuwa shi ke tsayar da umarnin type na DOS, kada ya zubo tarkace a allo. Duk inda hanya ta taɓa fayil, hatimin ne zai fara lalacewa.

Shi kansa umarnin `file` ya girmi yawancinmu, tun 1973 yake cikin Unix. Wanda ke cikin Linux yau ya samo asali daga rubutun Ian Darwin, Christos Zoulas ne ke riƙe da shi.

yar_mirriah: Yaya dan_birni, abu biyu kafin ka girka komai. Na farko, kada ka yarda da `content_type` da Django ke ba ka a kan fayil ɗin da aka ɗora. Burauzar mai aikowa ce ta faɗe shi, ita ma daga wutsiya ta ɗauko, kuma da curl mutum na iya rubuta abin da ya ga dama. Na biyu, in ka karanta goshin fayil da `read()`, ka mayar da shi farko da `seek(0)`. In ka manta, duk abin da ya sake karantawa bayanka zai fara daga inda ka tsaya, ya ga fayil marar kai.

Tsarin kenan: `kai = f.read(8192)`, sai `f.seek(0)`, sai `filetype.guess(kai)`. In ya dawo da None, bai gane ba, ka ƙi karɓa. In ya gane, duba `.mime` ko yana cikin ukun da ka yarda da su.

dan_birni: Allah ya saka, ƙanwata. Me ya sa 8192? Takardar bayanin filetype cewa ta yi bayit 261 sun isa.

zango_go: 262 ne a na Go, mai laburaren ɗaya ne. Dalilin lambar shi ne tar, nau'in fayil mai tattara fayiloli wuri ɗaya. Hatiminsa ba a goshi yake ba, kalmar ustar tana farawa a gurbi na 257, haruffa 5, ta ƙare a 261. Tunda daga sifili ake ƙirgawa, bayit 262 kenan.

yar_mirriah: Haka ne, amma sababbin zubin na Python sun koma karanta 8192 saboda takardun Office, waɗanda sai an leƙa cikin ZIP. Ga JPEG da PNG da PDF kam, bayit 8 ma sun isa. Kilo 8 ba ya ci wa kowa komai, shi ya sa na ce a ba shi.

dogo_linux: Kowane laburare da nasa mudun. python-magic ya ba da shawarar aƙalla 2048. `DetectContentType` da ke cikin Go ba ya wuce 512. mimetype na gabriel-vasile 3072 ne in ba ka sauya ba. file-type na Node wajen 4100. Kuma akwai wanda duk waɗannan ba za su kai gare shi ba: ISO na faifan CD, hatiminsa CD001 yana gurbi na 32769.

baban_amira: To ni ban ga amfanin laburare a nan ba. Nau'i uku ne fa. `startswith` sau uku, layi shida, an gama. Kowane abu da ka ƙara da pip, wani kaya ne da za ka riƙa bibiyar sabuntawarsa har ranar da shafin zai mutu.

Mushe_Illa: Baban Amira, maganarka tana kan hanya, ban musa ba. Abin da laburaren ke ƙara maka shi ne saƙon da za ka nuna wa mai ɗorawa. In ka rubuta naka, iyaka ka ce "ba a karɓa ba". Da filetype za ka iya cewa "wannan hoton WebP ne, mayar da shi JPEG", ko "wannan Word ne, ba PDF ba". Uban yaro da ke Tanout yana fama da rezo mai sanda ɗaya, in aka ƙi fayil ɗinsa ba a faɗa masa dalili ba, sau biyar zai sake ɗora shi, megarsa ta ƙare a banza.

baban_amira: Wannan na yarda, Mushe. Amma ban janye ba, in nau'i ba su wuce uku ba.

sarkin_zip: Tunda an taɓo Word, a nan ne ƙananan laburare ke tuntuɓe. docx, xlsx, pptx, odt, epub, jar, apk, dukansu ZIP ne, dukansu suna farawa da 50 4B 03 04, wato PK, harufan sunan Phil Katz. Na LibreOffice da epub sun yi wa mutane adalci: ƙa'idarsu ta ce fayil na farko a cikin ZIP ɗin sunansa mimetype, ba a matse shi ba, sunan yana gurbi na 30, abin da ke ciki kuma a 38. Ana karanta shi kai tsaye. Na Microsoft babu wannan tilas. Laburaren sai ya bi jerin abubuwan ciki yana neman `[Content_Types].xml` da babban fayil mai suna word/ ko xl/ ko ppt/. In manhajar da ta haɗa takardar ta jera su ta wata hanya, ko goshin da ka miƙa ya yi gajere, amsar da za ka samu application/zip ce, alhali takardar lafiyarta lau.

Maganin: in aka ce maka zip, buɗe da `zipfile`, kira `namelist()`, ka nemi `word/document.xml`. Ba sai ka warware komai ba, jerin sunaye kawai. Kada ma ka warware ba tare da duba girman ba, akwai shahararren 42.zip, kilo 42 ne amma in aka warware shi duka ya kai petabayit 4.5.

Tsofaffin doc, xls da ppt sun fi muni. Hatimi ɗaya gare su, D0 CF 11 E0 A1 B1 1A E1, har da msi na girka manhaja. Jadawalin da ke bambanta su yana iya kasancewa can tsakiyar fayil. Ka ba libmagic bayit 2048 kawai, sau da yawa application/CDFV2 zai ce maka ya yi shiru.

dan_birni: Alhamdu lillahi mu Word ba ya cikin lissafi.

sarkin_zip: Bana ne. Baɗi za a ce malamai su ɗora jarrabawa.

hajiya_tsaro: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma tsorona kada dan_birni ya tashi da zaton ya toshe ƙofa. Kama da wane ba ta wane. Hatimi yana faɗa maka yadda fayil ya fara, ba abin da ke cikinsa ba. Mutum ya rubuta GIF89a a layin farko, ya biyo da kod na PHP a ƙasa, ƙaramin laburare zai ce hoto ne. ZIP daga ƙarshe ake karanta shi, don haka a liƙa shi a bayan JPEG, fayil ɗin ya zama hoto na gaske kuma ZIP na gaske a lokaci guda. Da irin wannan aka yi GIFAR a 2008, GIF a gaba, jar na Java a baya. PDF ma masu karanta shi da yawa suna yarda hatimin ya zo ko'ina cikin bayit 1024 na farko.

Abin da ke tsare ka shi ne abin da ka yi bayan ganewar. Ka jefar da sunan da aka aiko, ka raɗa naka da uuid, wato doguwar lambar da ba ta maimaituwa, wutsiyar kuma daga abin da laburare ya gano. Ka ajiye a wajen babban fayil ɗin da uwar garke ke kunna kod a ciki. A haya ta haɗaka wannan ba wasa ba ne, don galibi PHP a kunne yake ko da kai Python kake yi. In za a sauke, kai ne za ka saka Content-Type, tare da `X-Content-Type-Options: nosniff`, PDF kuma da `Content-Disposition: attachment`. Hoto, ka buɗe shi da Pillow ka sake adana shi sabo. Wannan yana zubar da duk abin da aka liƙa a baya, har da bayanan EXIF, inda wani lokaci akwai GPS na gidan da aka ɗauki hoton yaron. Ka kira `ImageOps.exif_transpose` kafin adanawa, in ba haka ba hotunan waya su fito a kwance.

SVG kada ka kusance shi. Rubutun XML ne, yana ɗaukar JavaScript.

dogo_linux: Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: shi kansa mai ganewar kod ne, yana da nasa ciwon. An gano rauni a sashen CDF na libmagic, mai karanta irin tsofaffin doc da xls, a 2019, kuma a 2022 an gyara file-type na Node saboda gurɓataccen MKV na iya sa shi zagaye ba fita. A wannan fannin ƙaramin laburare mai gwada bayit kawai ya fi babba sauƙin amincewa, abin da yake taɓawa kaɗan ne.

matameye_py: Akwai matsalar da ta fi ɗan fashin intanet yawa a wurinmu: yankakken fayil. Rezo ya ɗauke ana tsakiyar saukewa daga WhatsApp, ko an zare kilen USB ana kwafi. Goshin yana nan daram, gindin babu. Duk laburaren da kuka lissafa zai ce JPEG ne. Kuma `verify()` na Pillow ba ya warware JPEG gaba ɗaya, sai ka kira `load()` sannan zai yi kukan "image file is truncated". In ka riga ka kira verify, sai ka sake buɗe fayil ɗin, ba a ci gaba da shi. Sake adanawar da Hajiya ta faɗa tana kama wannan a kyauta.

PDF, nemi %%EOF a cikin kilo ɗaya na ƙarshe, sannan ka bar pypdf ya ƙirga shafuka. JPEG yana ƙarewa da FF D9, amma kada ka tilasta su zama bayit biyu na ƙarshe, wasu wayoyi suna liƙa nasu bayanan a baya, har da guntun bidiyo.

mai_gyaran_waya: Ku yi haƙuri malamai, ni ba mai rubuta kod ba ne, a Kasuwar Dole nake. Ko wannan abin zai yi aiki a kan memorin da Windows ta yi wa gyara, komai ya koma cikin FOUND.000 da suna FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, har ɗari da wani abu? Masu kaya hotunan biki suke nema.

dogo_linux: Zai yi, ai nan ne ma ya fi amfani. Da farko kwafe babban fayil ɗin zuwa kwamfuta, kada ka yi aiki a kan memorin. In kana da Linux ko Git Bash, `file -b --mime-type FILE0000.CHK` zai faɗi nau'in, `file --extension` kuma ya ba ka wutsiyar da ta dace, in bai sani ba ya rubuta ???. A Windows zalla, girka Python da filetype, layi biyar: bi kowane fayil, kira guess, in ba None ba ne sake masa suna da `.extension`. Waɗanda suka rage None galibi guntaye ne daga tsakiyar wani fayil, ba su da goshi, babu abin da za a yi musu ta wannan hanya.

In an goge ne ko an yi fomat, PhotoRec na Christophe Grenier za ka nema. Shi ma da hatimi yake aiki, yana bin memorin sashe-sashe yana tsintar goshin fayiloli. Ka ajiye abin da ya tsinto a wani faifai daban.

zango_go: Ka lura da na waya. Saƙon murya na WhatsApp yana farawa da OggS, Opus ne a ciki. Tsofaffin ƙananan wayoyi AMR suke naɗa, hatiminsa #!AMR. Sitika WebP ce: RIFF a farko, WEBP a gurbi na 8. WAV da AVI su ma da RIFF suke farawa, gurbi na 8 ɗin ne ke raba gardama. MP4 da 3GP kuwa ftyp ne a gurbi na 4.

mai_gyaran_waya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Sai ƙwayar cutar kwamfutar nan mai mayar da kayan kile gajerar hanya?

hajiya_tsaro: Waɗannan lnk ne, suna farawa da 4C 00 00 00. Kayan suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna ko ɗaya. Wannan zance ne na wani zauren, mu koma kan fom.

php_garinmalam: Ga masu PHP da za su karanta daga baya: ba kwa buƙatar girka komai. finfo yana cikin PHP tun 5.3, da nasa libmagic a ciki. `$_FILES['x']['type']` shi ne maƙaryacin, daidai da abin da yar_mirriah ta faɗa. A Laravel ƙa'idar `mimes:jpg,png,pdf` cikin fayil take karantawa duk da kamar wutsiya aka rubuta. `getClientMimeType()` ne na burauza, `getMimeType()` na gaskiya. Masu Node kuma, `file.mimetype` na multer daga burauza yake, kuma a cikin fileFilter kayan bai iso ba tukuna, sai bayan an karɓa za a kira `fileTypeFromBuffer`. Daga zubi na 17 file-type ya koma ESM zalla, wato tsarin `import`, tsohon aiki mai `require` yana tsayawa a 16.

kande_data: Ba wanda ya taɓo rubutu zalla, kuma lakwal ba za ta rasa jerin ɗalibai a CSV ba. CSV ba shi da hatimi ko kaɗan. filetype zai ce None, file-type ya ce undefined, kuma ba kuskure suka yi ba. Dole ka gwada da kanka: ya karantu a UTF-8? Babu bayit 00 a ciki? Kowane layi yawan ginshiƙansa ɗaya?

Tarko biyu a nan namu ne. Excel na Faransanci da alamar `;` yake raba ginshiƙai, ba waƙafi ba. Sannan haruffanmu masu lanƙwasa: a UTF-8 kowane bayit biyu ne, ƙ C6 99, ɗ C9 97, ɓ C9 93, ƴ C6 B4. In ka yanke goshi a 2048 cif, kana iya raba ƙ gida biyu, decode ya faɗi, ka ƙi fayil mai kyau. Karanta shi duka ko ka yanke a ƙarshen layi. In kuma an adana da CSV na yau da kullum maimakon "CSV UTF-8", Windows-1252 ba ta san waɗannan haruffa ba, Ɗanladi ya koma ?anladi tun kafin ya iso gare ka. Wanda aka adana daidai yana zuwa da EF BB BF a goshi, buɗe shi da `utf-8-sig`.

tanout404: Me ya hana Magika? Google ta sake shi a Fabrairun 2024 da lasisin Apache 2.0. Ba jadawalin hatimi yake bi ba, ƙaramar ƙirƙirarriyar basira ce da aka horar, tana bambanta CSV da JSON da kod.

baban_amira: Ƙaramar ce, amma onnxruntime da take hawa a kai ba ƙarami ba ne. A haya ta haɗaka mai ƙarancin RAM, don gane hoto da PDF? Amsarta ma da ƙiyasi take zuwa, ba i ko a'a ba.

kande_data: Ga tarin rubutu iri-iri tana da amfani. Ga fom ɗin nan, a'a.

dan_birni: Na duba, babu libmagic a injin. Ga abin da na tsara: girma farko, sai filetype a kan bayit 8192, nau'i uku kaɗai, hoto ya bi ta Pillow a sake adana shi, PDF ta pypdf, suna da uuid, ajiya a wajen public_html. Abin da ya rage mini: in wutsiya ta ce pdf amma ciki JPEG ne, in ƙi ko in karɓa?

yar_mirriah: Karɓa, ka gyara wutsiyar. Wannan shi ne zai fi zuwa maka, mutum ya ga an ce PDF, ya ɗauki takardar a hoto ya sake mata suna. Tunda JPEG yana cikin waɗanda ka yarda da su, ba a yi asarar komai ba. Ka kuma sani Django yana riƙe abin da bai wuce mega 2.5 ba a ƙwaƙwalwa, `temporary_file_path()` babu shi a kansu, shi ya sa na ce ka miƙa bayit, ba hanyar fayil ba.

hajiya_tsaro: Ni zan ƙi, in nuna masa dalili. Saɓanin suna da ciki alama ce. Ko ka karɓa, ka rubuta shi a rajistar abubuwan da suka faru.

Mushe_Illa: Ina bayan ƙanwata a wannan, Hajiya, tunda sunan ma jefar da shi za a yi. Amma dan_birni, ba ka yi maganar nau'in hoto HEIC ba. Tun iOS 11 a 2017 iPhone da shi take ɗaukar hoto, kuma in an aiko shi a matsayin takarda haka zai iso. filetype zai gane shi ta ftyp, Pillow kuwa ba ya buɗe shi sai da pillow-heif. Ko ka ƙara shi, ko ka tanadi saƙo na musamman.

matameye_py: Ka kuma bar `MAX_IMAGE_PIXELS` yadda yake. Pillow yana gargaɗi daga wajen fiksel miliyan 89, yana ƙi a ninkinsa biyu. Amma wayoyi masu kyamarar fiksel miliyan 108 suna shiga tsakanin, kuma warware irin wannan hoton a RGB ya haura mega 300 na RAM. Duba `im.size` kafin load, ka saka taka iyakar.

dan_birni: pillow-heif ya shiga da pip ba gardama. Iyakar fiksel nawa kuke ganin ta dace da hoton takardar haihuwa, har hatimin magajin gari ya karantu?

kande_data: A4 a kan ɗigo 300 a inci 2480 ne a 3508, ƙasa da miliyan 9. Karɓi har miliyan 50, ka rage dogon gefen zuwa 3500 kafin adanawa.

baban_amira: 2500 ma ya isa, wurin ajiyar haya ne. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya masa abin da puremagic ya rasa.